Yadda ake canja gasket ɗin murfin sarƙar tayimin a tsohuwar Porsche 911

Tsohuwar Porsche 911 ba ta da lagireto. Injinta a baya yake, can bayan tayoyin baya, a kwance, silinda uku a hagu uku a dama, fanka da baƙin mai ne ke sanyaya shi. Kowane ɓangare yana da kamshaf ɗaya, wato sandar da ke buɗe bawul a kan lokaci, kuma sarƙa mai layi biyu ce ke juya shi. Sarƙoƙin nan biyu suna cikin gidajensu a ƙarshen injin ta wajen bambar baya, ɗaya a hagun fuli (zagayayyen ƙarfen da bel ɗin fanka ke hawa) ɗaya a damansa, kowane gida da murfinsa, tsakanin murfi da gida kuma akwai gasket siriri. Shi ne yake tsufa ya bushe, mai ya fara tsattsafowa ya sauka kan salansa. Bayanin da ke tafe ya fi shafar 911 SC ta 1978 zuwa 1983 da Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989. Na bayansu, wato 964 da 993, suna da 'yan bambance-bambance da za su zo a ƙarshe.

Gasket ɗin kansa ba shi da tsada, aikin ma wuni ɗaya ya ishe shi in dai notikan salansa ba su yi gardama ba. Abin da ke sa a yi aikin sau biyu abu uku ne: ko dai tun farko ba daga nan man yake fitowa ba, ko murfin ya lanƙwashe ba a daidaita shi ba, ko an ɗaure notika da ƙarfin tsiya.

Fara da tabbatar da inda man yake fitowa

A cikin gidan sarƙa babu mai mai matsi. Fantsama kawai yake yi yana gangarawa cikin injin. Don haka gasket ɗin murfi in ya mutu, jiƙewa za ka gani da ɗigo jefi-jefi, da ƙaurin mai yana ƙonewa bayan an tsaya. Idan kuwa mai na zuba sosai da zarar an tada mota, to ka nemi bututu mai matsi, ba gasket ba.

Wahalar injin nan ita ce fanka tana hura iska ta ko'ina, iskar hanya kuma tana kora mai baya, sai duk wani yoyo ya taru a ƙarshen injin, daidai kan murafan da ake zargi. A unguwar nan kaɗai akwai wurare da dama da ke zubar da mai. Akwai bututan da ke kai mai kan kamshaf, waɗanda suke bi ta saman gidajen sarƙa. Akwai na'urar auna matsin mai da ke dama da fanka. Akwai sil ɗin da ke bayan fuli, da ƙaramin murfin da ke ƙarƙashin fulin. Akwai murafan bawul na ƙasa, waɗanda mansu ke bin gefe ya iso kusurwar gidan sarƙa. Sannan shi gidan sarƙar yana da wasu mahaɗai biyu da ba na murfi ba: inda ya haɗu da jikin injin, da kuma bayansa inda kamshaf ya shigo, wurin da ke da nasa gasket da zoben roba. A bayan gidan ma akwai wuraren da kamfani ya toshe da gam mai tauri, kuma gam ɗin yakan tsage in ya tsufa.

A wanke wurin tas da maganin cire maiƙo, a bari ya bushe. Sai a barbaɗa farar hoda a kan mahaɗar murfin da saman gidan da bayansa, a tada injin ya yi zafi, a ɗan zaga da motar, a dawo a duba da tocila da ƙaramin madubi. Mai yana zana layi baƙi a cikin hodar, ka bi layin zuwa inda ya fi tsawo. Idan ya faro daga bakin murfi ko daga gindin wani noti, aikin da ke ƙasa shi ne maganinsa. Idan ya faro daga bayan gida, canja gasket ɗin murfi ba zai hana komai ba.

Kayan da za a tanada

Gasket biyu, kuma na hagu daban na dama daban, ba sa musanya. Sababbin notika M6 masu roba a baki, waɗanda sifana mai lamba 10 ke kamawa, da sababbin washa. Ka ƙirga na motarka ka ƙara biyu ko uku, don ɗaya sai ya faɗa inda hannu ba ya kai. Idan injin na da tenshina (abin da ke tura sarƙa ta yi tauri) mai shan mai, kamar duk Carrera 3.2 da SC da yawa da aka sauya musu daga baya, ana buƙatar zoben roba ɗaya ga kowane murfi da sababbin washa na alminiyom na bakin bututan man. Gasket na bakin salansa da sababbin notikansa M8. Baƙin mai kamar lita 10, filta, da washa biyu na wuraren tsiyaye mai. Zoben roba na gindin distiributa, ko da za a cire ta.

A ɓangaren kayan aiki, wanda ba a yi sai da shi shi ne ƙaramar sifanar auna ɗauri da ke iya karanta Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 5 zuwa 25. Babbar da ake ɗaure taya da ita ba ta jin Nm 10, kafin ta yi ƙara ka riga ka yi ɓarna. Sai soket mai lamba 10 mai dogon wuya, sifanu masu buɗaɗɗen baki na bututan mai, makankari na roba, reza, gilashi mai kauri, samfefa mai lamba 320 ko 400, da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara.

Buɗe hanya

Tun daren jiya a fesa wa notikan salansa maganin tsatsa. Injin ya kwana ya huce.

A cire kan batir mai alamar (-), batirin yana but ɗin gaba. A sa waigi a tayoyin gaba, domin birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, su kuwa za su tashi sama. A ɗaga baya a ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ba kan jak kaɗai ba.

A tsiyaye mai. Injin nan tankin mansa daban yake, a gefen dama ta baya, don haka wuraren tsiyayewa biyu ne, ɗaya a tanki ɗaya a ƙasan injin. Wasu suna cewa ba sai an tsiyaye ba tunda man yana tanki. Amma motar da ta yi kwanaki a ajiye, man yakan sulale daga tanki ya taru a injin, kana buɗe murfi sai ya biyo hannunka har gwiwa. Gara a haɗa aikin da lokacin juyen mai.

Salansa tana kwance a faɗin bayan injin, ɗamara biyu na ƙarfe ke riƙe ta, sai baki mai notika uku a hagu. A kwance bakin tukuna, sannan ɗamarun, da wani yana tallafe da ita. Notin da ya ƙi, a gasa shi ko a yanke shi, tunda an tanadi sabo. Bayan ta sauka a cire farantin ƙarfen da ke rufe bayan injin, wanda ƙananan notika ke riƙe da shi, tare da bututun iskar hita da ke ratsa shi a hagu. A ɗauki hoto kafin a cire kowane abu.

Motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki, kwamfiresonta da birakit ɗinsa suna tare murfin dama. Ba sai an saki gas ba: a kwance kwamfireson da tiyoyinsa a jiki, a kwantar da shi gefe kan tsumma mai kauri, a ɗaure. Birakit ɗin ne ke cin lokaci. A wasu motocin sai an tallafi injin daga ƙasa da jak da katako, an saki ƙarfen da ke rataye injin ta baya, kafin ya fita. Idan ya kai ga haka, a tabbata nauyin injin ya zauna kan jak kafin a taɓa noti ko ɗaya.

Yanzu a juya injin da hannu, ta hanyar da hannun agogo ke bi idan kana fuskantar fuli, har alamar Z1 da ke bakin fulin ta zo daidai da tsagar da ke sama. Z1 tana zuwa sau biyu, sau ɗaya ga silinda ta 1, sau ɗaya ga ta 4, don haka a buɗe hular distiributa a ga rota tana nuna ɗan zanen da ke bakin jikinta. Amfanin wannan shi ne idan distiributar ta tare maka notin sama na murfin hagu har sai an cire ta, za ta koma yadda take. A Carrera 3.2 kwamfutar Motronic ce ke tsara lokacin wuta, distiributa rabawa kawai take yi. A SC kuwa sai an sake duba tayimin da fitila bayan an mayar da ita.

Cire murafan

Idan akwai siraran bututan ƙarfe da ke shiga tsakiyar murfi, na tenshina ne. A kwance su da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa, a toshe bakinsu da leda mai tsabta. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin bututun nan ta isa ta hana tenshina aiki.

A sassauta notikan murfi kaɗan-kaɗan a zagaye, sannan a cire. Wani lokaci noti yakan fito tare da sitod ɗinsa, wato sandar ƙarfe mai tiredi da ke dashe a jikin gida. Ba matsala ba ce, a ajiye shi a san ramin da ya fito. Murfin zai manne. A buga gefensa a hankali da guduma ta roba. Kada a cusa sukundireba tsakanin murfi da gida: ƙarfen laushi gare shi, kuma zanen da bakin sukundireba zai bari shi ne sabuwar hanyar mai da babu gasket ɗin da zai toshe. Murfin injin da ke da tenshina mai shan mai sai an ja shi a miƙe, domin hancin tenshinar yana cikin ramin murfin da zoben roba.

Da murfi ya fita, a cusa tsumma mai tsabta a ƙasan sarƙa ta ɓangaren da gidan ya buɗe zuwa cikin injin. Duk washar da ta faɗa nan ta tafi ke nan. A ƙirga tsummokaran da aka sa.

Daga nan har a rufe, kada a juya injin baya, kada kuma a taɓa notin da ke riƙe tenshina. Idan sarƙa ta saki ta tsallake haƙori, bawul da fistan za su haɗu, aikin wuni ɗaya ya koma sauke injin.

Tunda an buɗe, a duba ciki. Robobin da sarƙa ke gogawa a kai su kasance cikakku, ba tsagewa, ba guntun da ya ɓalle. A danna hannun da tenshina ke turawa da ƙotar sukundireba: ya kamata ya yi tauri. Tenshinar da ke kan motocin kafin 1984 a rufe take da mai a cikinta, kuma sananne ne tana mutuwa ba sallama, alamar farko ita ce ƙarar sarƙa tana jan ƙarfe idan injin yana silo. Mai SC da har yanzu ke da irin wannan, kuma yana da niyyar komawa mai shan mai, to yanzu ne lokacin, don sauyin yana zuwa da nasa murafan masu rami. Babu amfanin gyara murfin da za a ajiye bayan wata uku.

Gyaran fuska, inda aikin yake

A kankare tsohon gasket daga gida da makankarin roba. Inda ya ƙi, a jiƙa shi ya yi laushi, a bi da reza a kwance, ba a tsaye ba. Wajen gindin kowane sitod ne ragowar ke maƙalewa, kuma ɗan guntu mai kaurin farce a nan ya isa ya ɗage murfin. Faifan gurza da ake sa wa injin huda ƙarfe kada ya kusanci wurin: yana cin alminiyom ya bar kwari, ƙurarsa kuma ta shiga mai ta je ta ci beyarin.

Murfin kuma a wanke shi a kifa kan gilashi. A gwada tura fila geji mai kaurin 0.1 na milimita a zagaye. Yawanci za ka tarar wajen ramukan notika yana taɓa gilashi, tsakaninsu kuma geji yana shiga. Dalili shi ne shekara da shekaru duk wanda ya ga ɗigo sai ya ƙara ɗaure noti, ƙarfen da ke ƙarƙashin notin ya lotsa ciki, tsakiya ta ɗage. Ƙarin ɗauri yoyon yake ƙarawa.

A shafe fuskar murfin da baƙar maka. A manna samfefa kan gilashin, a jiƙa ta da ɗan kananzir, a riƙa goga murfin a kai ana zana lamba 8, hannu a shimfiɗe ba a danna gefe ɗaya ba. Bayan 'yan zagaye a ɗaga a duba: inda baƙin ya goge nan ne tudu, inda ya rage nan ne kwari. A ci gaba har baƙin ya goge ko'ina, a tsaya nan take. A wanke murfin da sabulu da ruwa har farin tsumma ya daina baƙi. Murfin da ya tsage, ko wanda lanƙwasarsa ta yi yawa har ido na gani, sabo za a nema.

Sitod ɗin da ya fito, a raba shi da tsohon notin, a wanke ramin, a ɗiga masa maganin riƙe tiredi a mayar. Wanda ke juyawa ba ya kamawa, tiredin gidan ne ya cinye, sai an sa masa Helicoil ko Time-Sert, wato sabon tiredi na ƙarfe da ake dasawa a cikin ramin. Kada a bar shi haka da fatan sauran notika za su riƙe.

Maganar gam kuwa, fuska biyu masu santsi da sabon gasket ba sa buƙatar komai. Idan akwai 'yan zane-zane da suka ƙi gogewa, a shafa gam marar bushewa irin Curil T, siriri ƙwarai, yadda ana iya ganin gasket ta cikinsa. Silikon ne abin gudu. Ana ɗaurewa yake bultsowa ciki, zafi ya yanke shi zare-zare, mai ya kwashe shi. Injin nan yana shayar da kamshaf ta bututu mai ƙananan huji kamar na allura, kuma zaren silikon ɗaya in ya toshe huji, kan kamshaf ɗin wurin zai cinye a bushe.

Mayarwa

A cire tsummokaran, a ƙirga. A goge fuskokin biyu su bushe. A rataya gasket kan sitod, a tabbata ya zauna har gindi bai naɗe ba. A sa sabon zoben roba a hancin tenshina, a shafa masa baƙin mai, a tura murfin a miƙe. Idan ya ƙi shiga, kada a jawo shi da notika, zoben ne ya karkace kuma zai yanke.

A ɗora washa da notika duka har su taɓa murfi, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, ana tsallakawa gefe da gefe, a zagaye biyu ko uku. Noti M6 iyakarsa Nm 10, kuma a nan gara a tsaya ƙasa da haka kaɗan da a wuce. A hannu za ka ji kamar bai ɗauru ba. Haka ake so. Robar da ke bakin notin ita ke hana shi kwancewa, shi ya sa ba a mayar da tsofaffi.

Bututan tenshina a fara kama kowane baki da yatsu kafin a ɗaure ko ɗaya, kowane da sabuwar washa. Notin da ke da rami a ciki, wanda mai ke bi ta cikinsa, saurin karyewa gare shi, ɗauri kaɗan ya ishe shi. Ƙananan maƙalan da ke riƙe bututan kuma dole su koma. Bututun da aka bari yana rawa, girgizar injin za ta tsaga shi a wuya, kuma wannan mai ne mai matsi a saman salansa mai zafi.

Sauran kaya su koma yadda suka fito: distiributa, birakit, faranti, salansa da sabon gasket. Robar da ke zagaye farantin ta shiga mazauninta, don ita ke hana fanka zuƙo iska mai zafi daga ƙasa.

A zuba mai kamar lita 9 tukuna. Kafin a tada, a hana injin kamawa: a Carrera 3.2 a zare rilen DME da ke ƙarƙashin kujerar hagu, a SC a zare rilen famfon fetur da ke wajen fis a but ɗin gaba. A buga sitata na 'yan daƙiƙu, a huta, a sake, har fitilar mai ta mutu. Wannan yana cika tenshina kafin sarƙa ta fara gudu. A mayar da rile a tada, ido na kan bututan. Ƙarar sarƙa ta ɗan lokaci kaɗan ba komai, amma idan ta ci gaba a kashe.

Gwajin mai a 911 sai injin ya yi zafi sosai, wajen digiri 80 zuwa 90, yana silo, motar na kan daidaitacciyar ƙasa. A cika zuwa tsakiyar alamomi biyu na sandar gwaji. Wanda ya gwada a sanyi ya cika har sama, rarar za ta bi bututun numfashi ta shiga wajen shan iska, hayaƙi ya turnuƙe, a ɗauka aikin ne bai yi ba. Tsohon man da ya jiƙa salansa ma zai yi ta hayaƙi na ɗan lokaci. Bayan motar ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, a sake bin notikan da hannu ke kaiwa da sifanar awo, domin gasket na takarda yana ɗan kwantawa.

A kan 964 da 993

Daga 964, wadda ta fito a 1989, zuwa 993 da aka daina ƙerawa a 1998, gasket ɗin na roba ne mai zama cikin kwarin murfi, kuma kowane sitod yana da nasa zoben roba a ƙarƙashin noti. Sau da yawa zobban nan ne ke yoyo kafin gasket, don haka a canja su duka, a shafa musu mai kafin a sa. A 964 ɗaurinsu ya fi sauƙi ma, Nm 5.5 ne. Murafan suna cin tsatsa a cikin kwarin da roba ke zama, a duba da kyau, wanda ya yi ramuka a sauya shi. Isa gare su ya fi wuya: a cire bambar baya don samun fili, a sauke kayan salansa, a tallafi injin a cire ƙarfen da ke rataye shi, kuma birakit ɗin kwamfireso yana rufe wasu notikan murfin dama.

Idan bayan mako guda bakin murafan a bushe yake amma mai yana ɗigowa daga bayan gida, to zoben da ke bayan gurmin kamshaf ne ko gasket ɗin da ke tsakanin gida da injin. Wannan sai an cire tenshina da gurmin sarƙa, da kayan riƙe kamshaf na musamman, sannan a sake saita tayimin kowane ɓangare. A injunan kafin 993, da agogon awo ake yi a kan bawul ɗin shan iska na silinda ta 1 da ta 4.